Maganin Mata da Aka Fara Gwadawa a Kan Maza

A shekarar 1966 likitocin zuciya a Amurka suka fara tara maza domin wani gagarumin gwaji da suka sa wa suna Coronary Drug Project. Sharaɗin shiga shi ne namiji ya kasance tsakanin shekara 30 da 64, kuma bugun zuciya ya taɓa kayar da shi ya tashi. Kafin a rufe ɗaukar mutane a 1969, an samu mutum 8,341 a cibiyoyin asibiti 53. Aka jefa musu ƙuri'a aka raba su gida shida. Gida uku aka ba su magungunan rage kitsen jini, wato kolestarol. Gida ɗaya aka ba su ƙwayar bogi wadda ba komai a cikinta sai sukarin madara. Sauran gida biyun kuwa, kowanne da mutum kimanin 1,100, abin da aka ɗora su a kai shi ne istrojin, sinadarin da ƙwan mace ke fitarwa, wanda ke sa budurwa ta yi ƙirgar dangi, yake kuma tafiyar da al'adarta. Wasu aka ba su miligiram 5 a kullum, wasu miligiram 2.5. Irin istrojin ɗin da aka ba su daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi.

Mai jin wannan a yau zai ce ai wauta ce tsagwaronta. Amma waɗanda suka tsara gwajin manyan masana ne, kuma suna da hujjarsu. An daɗe da lura cewa mace, muddin tana ganin al'ada, da wuya bugun zuciya ya same ta. Kusan shekara goma maza ke riga mata kamuwa da shi, sai bayan al'ada ta ɗauke tazarar ke fara raguwa. To me mace ke da shi a ƙuruciyarta da take rasawa idan ta manyanta? Amsa mafi kusa ita ce istrojin. A Chicago, a farkon shekarun 1950, Ruth Pick da Jeremiah Stamler da Louis Katz sun ɗura wa ƙananan zakaru abinci mai tarin kolestarol har kitse ya fara taruwa a jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsu, suka kuma ga cewa zakarun da aka ba istrojin jijiyoyin zuciyarsu sun tsira. A jikin mutum ma, da an ba shi istrojin aka ɗebi jininsa, sakamako kan fito da kyau. Hujja ta haɗu ta kowane ɓangare, saura kawai a gani a ƙasa.

Abin da ya fara bayyana ba shi da daɗin faɗa. Magidanta suka ga ƙirjinsu na kumbura yana ciwo, sha'awar iyali ta yi ƙasa, da yawa suka riƙa tsallake shan ƙwayar. Wannan duk an san za a yi. Abin da ba a shirya masa ba shi ne wanda kwamitin sa ido ya gani a alƙaluma. A gidan masu shan miligiram 5, bugun zuciya ya fi yawa a kan na masu shan ƙwayar bogi. Jini na daskarewa a jijiyoyin ƙafafunsu, gudan jinin na ɓallewa ya tafi ya toshe huhu. A 1970 aka dakatar da wannan gida. Aka bar masu shan rabin adadin, da fatan ko yawan ne ya jawo. A 1973 su ma aka tsayar da su: babu wata fa'ida da aka gani, ga daskarewar jinin nan dai, ga kuma alamar ƙaruwar mutuwa daga sankara. Daga nan likitoci suka daina maganar bai wa namiji istrojin don zuciyarsa.

A daidai waɗannan shekaru, irin wannan saƙo na isowa ta wata hanya dabam. A 1961 wani likitan karkara a Ingila mai suna Jordan ya rubuta wa mujallar likitoci ta Lancet labarin wata ma'aikaciyar jinya da gudan jini ya toshe wa huhu jim kaɗan bayan ta fara shan Enovid, ƙwayar da a lokacin ta fara shiga kasuwa a matsayin maganin hana ɗaukar ciki. A 1968 William Inman da Martin Vessey suka bi diddigin matan da suka mutu a Birtaniya, suka nuna alaƙar ƙwayar da irin wannan mutuwa. A Disamban 1969 hukumar kula da lafiyar magunguna ta ƙasar ta shawarci likitoci su daina rubuta ƙwayoyin da istrojin ɗin cikinsu ya wuce maikurogiram 50. Wata guda bayan haka, a Janairun 1970, Sanata Gaylord Nelson ya buɗe zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka a kan lafiyar ƙwayar, inda wasu matasan mata suka riƙa miƙewa daga cikin 'yan kallo suna tambayar dalilin da ya sa ba a gayyaci ko mace ɗaya mai shan ƙwayar ta yi bayani ba. Ke nan a shekara guda, daga dattawan maza masu ciwon zuciya da kuma 'yan mata masu cikakkiyar lafiya, an ji magana ɗaya: istrojin da aka haɗiya yana sa jini saurin daskarewa.

Jiki bai yi wannan da ganganci ba. Lokacin da istrojin ke kai ƙololuwa a jikin mace shi ne ƙarshen goyon ciki, kuma a lokacin jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti ɗaya. Da mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, duk waɗannan jijiyoyi a buɗe suke. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar ɗakin haihuwa ana neman jini ya san abin da 'yan mintoci ke iya yi. Saboda haka tun da sauran watanni hanta ke fara shiri. Ita ce ke ƙera yawancin sinadaran da ke haɗa gudan jini, ita ce kuma ke ƙera waɗanda ke taka musu birki. Idan istrojin ya yi yawa a kanta, sai ta ƙara na farkon, ta rage na biyun. Wannan shiri kan ceci mai haihuwa, shi ne kuma dalilin da ya sa mai ciki da mai jego suka fi sauran mata haɗarin daskarewar jini a ƙafa da huhu. Hanta ba ta tambayar daga ina istrojin ya zo, daga mabiyiya ne ko daga kwalbar magani, ba ta kuma duba ko mai jikin mace ce 'yar ashirin ko tsoho ɗan sittin.

Me ya hana likitocin zuciya ɗaukar wannan da muhimmanci? Wani ɓangare na amsar zai ba mutum mamaki. A shekarun 1970 da yawa daga cikinsu ba su yarda cewa gudan jini ne ke haddasa bugun zuciya ba. Akwai masu ganin kitse ne ke cika jijiya sannu a hankali har ta rufe, gudan jinin da ake gani a gawa kuwa daga baya yake samuwa. Sai a 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a garin Spokane suka yi ƙarfin halin zura bututu cikin jijiyoyin mutanen da bugun zuciya ke kansu a lokacin, suka ɗauki hoto. A cikin waɗanda aka duba kafin awa huɗu ta cika, kashi 87 cikin ɗari jijiyar a toshe take ɗungurungum, kuma gudan jini ne ya toshe ta. Kitsen da ya taru a bangon jijiya na iya zama shekaru bai yi komai ba. Ranar da fatarsa ta tsage, jini ya taru a wurin ya daskare, ranar ce ake kwasar mutum zuwa asibiti. Ciwon zuciya ashe ƙafa biyu gare shi, kitse da gudan jini, amma idon likitoci da na'urorin gwajinsu duk a kan kitsen suke.

A ɓangaren mata kuwa kasuwa ce ta buɗe. A shekarar da aka fara tara mazan nan, 1966, wani likitan mata a New York mai suna Robert Wilson ya fitar da littafinsa Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cuta ta rashin sinadari wadda ya kamata a magance har ƙarshen rai. Gidauniyar da ya kafa tana samun kuɗi daga kamfanonin da ke sayar da istrojin. Littafin ya yi kasuwa, maganin istrojin mai suna Premarin ma haka. A 1975 aka samu tangarɗa, lokacin da bincike biyu suka nuna istrojin shi kaɗai na ninka haɗarin sankarar mahaifa sau da yawa. Ciniki ya faɗi. Aka gano cewa idan an haɗa shi da furojestin, ɗan'uwan sinadarin da ke riƙe ciki, mahaifa na samun kariya. Ciniki ya dawo, wannan karon da sabon alƙawari: ƙashi ba zai yi rauni ba, zuciya kuma za ta tsira.

Alƙawarin zuciyar ya samu gindin zama ne daga Jami'ar Harvard. Tun 1976 masu bincike a can suke bin ma'aikatan jinya mata 121,700, suna aika musu takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu. A Oktoban 1985 suka buga a mujallar New England Journal of Medicine cewa waɗanda ke shan istrojin bayan ɗaukewar al'ada, ciwon zuciyarsu bai wuce rabin na marasa sha ba. Abin ban sha'awa, a cikin wannan fitowar ta mujallar, masu binciken garin Framingham sun buga nasu sakamakon da ke cewa masu shan istrojin sun fi kamuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyi. Takardu biyu kafaɗa da kafaɗa, kowace na ƙaryata 'yar'uwarta. Duniyar likitoci ta rungumi ta Harvard, saboda matanta sun fi yawa, bincike da dama da suka biyo baya sun goyi bayanta, kuma ita ce ta dace da abin da ake so a ji.

Akwai waɗanda ba su gamsu ba. Diana Petitti, wata mai nazarin yaɗuwar cututtuka a California, ta duba bayanan matan da ake bi a Walnut Creek ta ga cewa masu shan istrojin ba ciwon zuciya kaɗai suka fi tsira daga gare shi ba, har da mutuwa ta hatsari da kisan kai. Babu ƙwayar da ke hana mota kaɗe mutum. Abin da wannan ke nunawa shi ne matar da likita ke rubuta wa istrojin, ta kuma dage tana sha shekara da shekaru, dama can daban take: ta fi kuɗi, ta fi ilimi, ba ta cika ƙiba ba, tana zuwa asibiti a kan kari. Kuma babu inda aka nuna ƙarfin wannan ruɗi kamar a gwajin mazan nan da aka manta da shi. A 1980 masu gwajin suka koma kan gidan da aka bai wa ƙwayar bogi. Mazan da suka dage suna shan sukarin madararsu yadda aka umarce su, kimanin kashi 15 cikin ɗari ne suka mutu cikin shekara biyar. Waɗanda suka yi sakaci da sha, kimanin kashi 28. Sai ka ce ƙwayar da babu komai a cikinta ta rage mutuwa da kusan rabi, daidai gwargwadon abin da ake jingina wa istrojin. A ganina wannan sakamako kaɗai ya isa ya sa kowa ya ja birki. Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma a nan an ce ai waɗancan maza ne, kuma adadin da aka ba su ya yi yawa.

A 1990 kamfanin Wyeth-Ayerst ya nemi hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin Premarin cewa yana kare zuciya. Cindy Pearson, ta wata ƙungiyar kare lafiyar mata, ta tsaya a gaban kwamitin hukumar ta yi jayayya da cewa duk maganin zuciyar da ake bai wa maza sai da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a, don me za a sassauta idan aka zo kan mata? Hukumar ba ta amince da buƙatar kamfanin ba. Duk da haka a 1992 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa duk macen da al'adarta ta ɗauke tayin maganin, musamman mai ciwon zuciya ko mai haɗarin kamuwa da shi. A tsakiyar shekarun 1990 babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamar Premarin.

Gwajin ƙuri'a na farko mai girma a kan mata, HERS, kamfanin da kansa ne ya biya kuɗinsa, da yaƙinin zai tabbatar da abin da kowa ya riga ya sani. Stephen Hulley na Jami'ar California a San Francisco ya jagorance shi, da mata 2,763 masu ciwon zuciya. A Agustan 1998 sakamako ya fito. Kolestarol marar kyau ya sauka, mai kyau ya hau, takardar gwaji ta yi kyau yadda ake so. Amma bayan shekara huɗu, yawan bugun zuciya a gida biyun kusan ɗaya ne, kuma a shekarar farko masu shan maganin sun fi da kimanin rabi. Daskarewar jini a ƙafa da huhu ta kusa ninkawa sau uku, mata 34 a kan 12. Kusan abin da aka gani a jikin maza ke nan shekara 28 da suka wuce. Aka sake samun uzuri: ai waɗannan zuciyarsu ta riga ta lalace, a jira sakamakon masu lafiya.

Masu lafiyar suna cikin wani shiri da Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, ta ƙaddamar a 1991 da sunan Women's Health Initiative. A ɓangarensa mafi shahara, mata 16,608 'yan shekara 50 zuwa 79 a cibiyoyi 40 aka raba da ƙuri'a, rabi na shan Prempro, haɗin istrojin da furojestin, rabi ƙwayar bogi. An tsara a kai 2005. A 2000, da kuma 2001, aka aika wa matan wasiƙa ana sanar da su cewa an ga 'yar ƙaruwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a masu shan maganin, amma za a ci gaba. Ranar 31 ga Mayun 2002 kwamitin sa ido ya zauna ya ga sankarar mama ta tsallake iyakar da aka shata tun farko, cutarwa kuma gaba ɗaya ta rinjayi amfani. Ranar 9 ga Yuli, Jacques Rossouw, likita haifaffen Afirka ta Kudu da ke riƙe da shirin, ya sanar wa manema labarai a Washington cewa an dakatar. A cikin kowace mace 10,000 da ta sha maganin shekara guda, an samu ƙarin 7 masu ciwon zuciya, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe wa huhu, ƙarin 8 masu sankarar mama. An kuma samu ragin 6 a sankarar babban hanji da ragin 5 a karayar ƙugu.

A lokacin mata kusan miliyan 6 ke shan wannan haɗi a Amurka. Wayoyin asibitoci suka cika. Cikin shekara guda rubuta Prempro ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. Nan ma, a ra'ayina, an wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Takwas cikin dubu goma babban adadi ne idan za a bai wa miliyoyin masu lafiya magani don rigakafi, amma ƙaramin haɗari ne ga mace 'yar hamsin da zafin jiki da gumin dare suka hana ta barci, wadda shekara biyu ko uku kawai take buƙata. Matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, yawancinsu sun daɗe da rabuwa da al'ada. Ɗaya ɓangaren gwajin, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa suke shan istrojin zalla, an tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, amma a cikinsa ciwon zuciya bai ƙaru ba, sankarar mama ma ƙasa ta yi. Wannan labarin bai samu rabin kururuwar na farko ba.

Daga baya aka fara warware zaren. Thomas Clarkson, da ya shafe shekaru yana gwaji a kan birai a Jami'ar Wake Forest, ya nuna cewa istrojin na rage taruwar kitse a jijiya idan an fara shi da wuri, idan kuwa an jinkirta har kitsen ya zauna, ba ya tsinana komai. A 2016 gwajin da Howard Hodis ya yi a kan mata 643 a Los Angeles ya ga makamancin haka a kaurin bangon jijiyar wuya. A Faransa kuma, inda mata suka saba karɓar istrojin ta fata, a filasta ko man shafawa, Pierre-Yves Scarabin ya buga a 2003 cewa masu haɗiyar ƙwaya haɗarin daskarewar jininsu ya ninka sau uku da rabi, masu karɓa ta fata kuwa bai ƙaru ba. Dalilin na komawa ga hanta. Duk abin da aka haɗiya, daga hanji kai tsaye hanta yake fara sauka da ƙarfinsa, wanda ya shiga ta fata kuwa sai ya gauraya da jinin jiki duka kafin ya iso gare ta. Wannan dirar farko a kan hanta ita ce ke gyara alƙaluman kolestarol, ita ce kuma ke tunzura sinadaran daskarewa. Abin da likitoci suka yi shekara arba'in suna murna da shi a takardar gwaji da abin da ke toshe huhun marasa lafiyarsu, aiki ɗaya ne na gaɓa ɗaya.

Ba a daina bin matan gwajin ba bayan sun ajiye ƙwayar. A 2017 JoAnn Manson ta Harvard da abokan aikinta suka ƙirga waɗanda suka rasu cikin shekara 18, daga cikin mata 27,347 na ɓangarorin biyu. A gidan da ya sha maganin, kashi 27.1 cikin ɗari sun rasu. A gidan ƙwayar bogi, kashi 27.6.